Ɗan Amshin Mista Wendell

Duk wanda ya saba bin titi na 125 a Harlem ya san teburin Alhaji Habibou, ko da bai san sunan mai shi ba. Lokacin sanyi huluna ne a kai da safar hannu da mayafin wuya. Lokacin zafi tabarau ne da hular kare rana. Idan hadari ya haɗo kuwa, kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa laimomi sun riga sun fito daga ƙarƙashin tebur, har maƙwabtansa ke cewa ya fi masu hasashen yanayi na talabijin sanin sama. Shekara ashirin da shida ke nan yana tsayuwa a wurin, gajeren mutum mai faɗin ƙirji, mai magana ƙasa-ƙasa kamar wanda ke tsoron kada muryarsa ta kuɓuce masa.

Mutumin Tawa ne, daga wani ƙauye kusa da Buza a Nijar. A masallacin da 'yan Nijar ke taruwa a layi na 116 wurinsa yana sahun gaba, kuma idan 'yan tebur biyu suka yi rikici a kan wanda ya ci wa wani iyaka, shi ake kira ya raba. Ya je Makka. 'Yarsa Firdaoussi ta gama karatun aikin jinya. Abin da mutane suka sani game da shi ke nan, shi ma iya abin da yake so a sani ke nan.

Abin da ba ya so a sani shi ne, tun yana ɗan shekara goma sha huɗu har ya kai ashirin da bakwai, ɗan amshi ne. Kawunsa, Makaɗa Jadi, mawaƙin 'yan kokawa ne, kuma babu filin da ba su shiga ba daga Madawa zuwa Ƙonni. Jadi yana da doka guda da ya dasa wa yaransa da sandan kiɗa a ƙeya: ba a barin waƙa ta faɗi. Idan jagora ya ja baiti numfashinsa ya fara ƙarewa, ɗan amshi ba ya jiran ya gama. Cafke ƙarshen maganar yake yi tun tana bakinsa, ya riƙe, ya yi ta juya amshi har jagora ya shaƙi iska ya dawo. Habibou ya fi kowa iya wannan, kuma shi ne ke yi wa 'yan kokawa kirari idan Jadi ya gaji.

Sai dai a can gida ana ba maroƙi riga, ana ba shi rago, ana tafa masa, amma ba kowane gida ke son haɗa zuriya da shi ba. Habibou ya ga haka da idonsa lokacin da ya nemi auren Salamatou, shekara biyu danginta suna ja masa rai. Da Jadi ya rasu sai ya tafi Yamai ya kama tallan agogo, daga nan New York, kuma ya rufe bakinsa. A duk birnin nan Salamatou kaɗai ta san labarin, ita ce kuma mai gadinsa.

A hagun teburinsa akwai na Mista Wendell, wani dogon Baƙar fatar Amurka mai shekara saba'in da tara, wanda ke sayar da tsofaffin faya-fayan garmaho. Yana da 'yar na'urar juya faifai mai batir, kuma daga safe har la'asar ba ta hutawa. Kiɗan da suke kira soul yake sawa, na shekarun da shi Wendell yake saurayi. Da farko Habibou ya ɗauki abin hayaniyar da za a yi haƙuri da ita, kamar ƙarar jirgin ƙasa. Amma kunnen da aka horar ba ya mantawa. Cikin mako guda ya gane tsarin: ga jagora a gaba, ga mutum uku a bayansa suna karɓa, daidai yadda suke yi a Buza. Abin da ya ba shi mamaki shi ne muryoyin. Mutum zai kama kalma ɗaya ya yi ta lanƙwasa ta, ya hau da ita, ya sauko, ya ƙara hawa, sai ka ce ba ya son rabuwa da ita. Wani muryarsa a dishe take kamar ya kwana yana kuka, amma a dishewar daɗin yake. Wani ƙaton namiji ne, sai ya sirance murya ta koma ta yarinya, bai ji kunya ba. Wani kuma in magana ta ƙare masa sai ya koma nishi kawai, nishin ma waƙa ne.

Wata rana ya tambayi Wendell, da Turancinsa na kan titi, me ya sa dukansu ke roƙon mace kamar masu roƙon gafara.

Wendell ya yi dariya har ya riƙe tebur. Ya ce ai daga wurin roƙon gafarar suka fito. Duk waɗannan mutanen a coci suka koyi waƙa, shi ma haka, a wata ƙaramar coci ta katako a Karolina ta Kudu inda mahaifiyarsa Hattie ke jan mawaƙa. Can babu takarda, babu malamin kiɗa. Mai wa'azi ya faɗa, jama'a su amsa, ya ƙara faɗa da ƙarfi, su ƙara amsawa, har daɓen katako ya fara rawa. Da samarin suka zo birni sai suka ɗauko muryar gaba ɗaya, da tafin da nishin, suka cire sunan Ubangiji suka sa na budurwa.

“Ranar da uwata ta ji na yi haka da waƙarta,” in ji shi, “wata shida ba ta amsa wasiƙata ba. Ta ce na ɗauki kwanon coci na zuba giya.”

“Tana da gaskiya,” in ji Habibou.

“Ta fi kowa gaskiya. Amma bayan ta rasu a ƙarƙashin gadonta na sami faifan waƙar tawa, har ya sude don juyawa.”

Faifai ɗaya tak Wendell ya taɓa yi, shi da abokansa uku, kuma bai yi kasuwa ba. Waƙar wani saurayi ce da ya hau bas daga Kudu zuwa Harlem wurin yarinyar da yake so, a kowace tasha direba na cewa ya sauka, 'yan amshi na amsawa da wasu kalmomi uku na Turanci da ke nufin ban iso ba tukuna. A da can, a bakin Hattie, tafiyar ta Lahira ce. Yanzu kuma yara masu shekara ashirin ke tsayawa a teburin suna jujjuya faya-fayai kamar masu zaɓen gwal, suna cewa a waɗannan muryoyin ana jin mutum, ana jin har inda numfashinsa ya yanke.

Shekara goma sha takwas suka yi a haka, kafaɗa da kafaɗa. In Habibou ya tafi sallar Juma'a Wendell ke sayar masa da huluna, in Wendell ya tafi ganin likita Habibou ke juya faifai.

A farkon watan Yulin bana ne Wendell ya zo da maganar. Layinsu zai yi bikin shekara ranar Asabar ta uku a Agusta, irin wanda ake rufe titi a fito da gasasshen nama da kujeru, kuma an roƙi shi da tsofaffin 'yan amshinsa su hau su yi waƙarsu. Su uku suka rage, shi da wasu 'yan'uwa biyu, ɗaya tsohon direban bas, ɗaya tsohon ma'aikacin gidan waya. Mai babbar muryar da ke riƙe ƙasan amshi ya koma Atlanta wurin 'yarsa.

“Kai nake so, Habib.”

Habibou ya ci gaba da jera tabarau. “Ni ɗan kasuwa ne. Ban san waƙa ba.”

“Shekara goma sha takwas kana yi mini amshi kyauta.”

“Ni?”

“Kai. Bakinka a rufe, amma ƙirjinka ba shi da murfi. Duk faifan da na sa kana ƙasa kana gurnani, kuma ko sau ɗaya ba ka taɓa kuskure wurin shiga ba. Tambayi mai sayar da turaren can. Tambayi ɗan sandan da ke wucewa da rana.”

Habibou ya ji kamar an ce masa ya shekara yana yawo da riga a yage ta baya. Ya ce zai yi shawara.

Shawarar ba ta yi daɗi ba, don lokacin bai dace ba. Wani saurayi mai suna Sheriff, wanda ke aikin gyaran na'urori a asibitin da Firdaoussi take, ya fito neman aurenta. Iyayensa mutanen zangon Kumasi ne a Ghana, suna zaune a unguwar Tompkinsville da ke tsibirin Staten Island, kuma mahaifinsa Alhaji Saani, direban da ke jiran fasinja a filin jirgin JFK, ya aiko cewa za su kawo goron tambaya ranar Lahadi. Lahadin da ke bin Asabar ɗin bikin.

Salamatou ta ajiye ludayi ta juyo gaba ɗaya. “Mi kake cewa, Alhaji? Shekara talatin muna rufe tukunya, sai ana gobe baƙi za su zo za ka buɗe? Ka manta abin da kawunnaina suka yi maka? So kake a yi ma ɗiyarmu irinsa?”

“Kalma uku ce kawai, Hajiya. Kuma da Turanci. A baya zan tsaya, in sa tabarau da hula. Layin ma ba na mutanenmu ba ne.”

“Tabarau! Wane ne a Harlem bai san ka da tabarau ba? Kai ke sayar da su!”

“Tsohon nan ya tsare mini tebur Juma'a ɗari tara.”

Ta san lissafin bai yi ƙarya ba. Sai ta ce, “Bon. Kalma uku. In ka ƙara ta huɗu, kai da Allah.”

Suka fara gwaji kowace Talata da Alhamis bayan la'asar, a ɗakin baya na wani shagon aski. Ranar farko aka sami matsala. Duk lokacin da Wendell ya kama kalmar ƙarshe zai fara lanƙwasa ta, sai Habibou ya faɗo da amshi ya yanke masa wutsiya.

“Tsaya, tsaya!” Wendell ya ɗaga hannu. “Wa ke korar ka? Nan ne wurin da nake cin abincina. Wannan jan da nake yi, shi mutane suka zo ji. Ka bar ni in hau, in sauko, in ajiye da kaina, sannan ka shigo.”

“In numfashinka ya ƙare fa?”

“Tun kafin a haife ka nake jan wannan kalmar.”

“Can ma haka Jadi ke cewa,” in ji Habibou da Hausa, a ransa yake nufi amma ya fito fili.

Tsohon direban bas ya ce a ɗaure shi da igiya, in lokaci ya yi a saki. Ma'aikacin gidan waya ya ce shi dai bai taɓa ganin wasiƙar da ta riga tambari isa ba sai yau. Habibou ya sha dariyarsu, ya koyi jira. Abin ya yi masa wuya fiye da koyon Turanci. Yakan dunƙule hannu a aljihu yana ƙirga bugun ƙafa, jikinsa duk yana cewa shiga, shi yana cewa a'a. A mako na huɗu Wendell ya ce yanzu ya zama mutum.

Ranar bikin rana ta fito tas. An rufe layin da motoci biyu, hayaƙin nama ya cika ko'ina, tsofaffin mata sun jeru a kujerun roba da mafici a hannu. Su huɗun suka sa riguna ruwan toka iri ɗaya. Habibou ya ja hula har gira, ya zaɓi tabarau mafi duhu a teburinsa, ya tsaya a ƙarshen layi inda reshen bishiya ya ɗan kare dandamalin.

Daga nan ya hango su. Sahu na uku, dama da tsakiya: Firdaoussi tana ɗaga masa hannu biyu, Sheriff a gefenta, sai wani dattijo mai farar riga da jar hula zaune ƙafa ɗaya kan ɗaya. Bai taɓa ganin Alhaji Saani ba sai a hoto, amma hoton bai yi ƙarya ba.

Firdaoussi ta zagayo ta bayan dandamali tana murna. A Harlem aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa.

“Wa ya gaya miki?” ya tambaye ta.

Ta ce Mista Wendell ne ya ba ta takardar sanarwa tun makon jiya. Ta ce ta tura wa su Sheriff don su ga irin uban da take da shi, wa ke da uba mai waƙar soul a duk masallacin?

“Kin kashe ni, ɗiyata.”

Ta yi dariya ta gyara masa kwalar riga, ta ɗauka tsoron taro ne. Bai ga laifinta ba. Shi ne bai taɓa gaya mata cewa akwai abin ɓoyewa ba.

Ya yi wa kansa lissafi da sauri. Mutum ya taya maƙwabcinsa kalma uku da Turanci, wannan zumunci ne, ana iya bayaninsa gobe a kan goro. Ba wanda zai ji Buza a ciki. Abin da ake bukata kawai ya tsaya a bayansa, ya jira, ya shiga, ya fita.

Aka fara. Mai jita ɗaya ne da mai ganga ɗaya. Wendell ya kama makirufo da hannu biyu ya rufe ido, muryar ta fito a dishe, da tsatsa, amma daidai. Baiti na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka. Matan kujerun gaba sun fara kaɗa kai suna cewa faɗa musu, Wendell, faɗa musu. Habibou na shiga inda aka koya masa, ban iso ba tukuna, ya koma ya yi shiru.

A baiti na uku ne saurayin cikin waƙar ke hango fitilun birni, kuma nan ne doguwar kalmar take. Wendell ya kama ta ya fara hawa. Ya hau, ya ƙara hawa, sai muryar ta tsage a tsakiya kamar tsohon ƙyalle. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ko zafin rana ne, ko shekaru, ko ganin layin da ya yi rabin ƙarni a cikinsa ya taru yana kallonsa, shi kansa bai sani ba. Ya dafa sandar makirufo, kansa ya sunkuya.

'Yan'uwan nan biyu suka yi abin da suka shekara hamsin suna yi, suka jira ya ajiye kalmar. Mai jita ya rage hannu. Mai ganga ya ɗaga sanda bai sauke ba. Mafitan matan suka tsaya a iska.

Habibou ya ji ƙeyarsa ta yi zafi, daidai inda sandan Jadi ke sauka. Ya kalli jar hular da ke sahu na uku sau ɗaya.

Sai ya cafke. Ya ɗauki kalmar daga inda ta tsage, ya sauko da ita cikin amshi da dukan ƙirjinsa, muryar da ta saba cika filin kokawa ba tare da lasifika ba. Ban iso ba tukuna. Ya tafa hannu, ya maimaita. Ya juya ya yi wa 'yan'uwan alama da haɓa, suka shigo. Ya maimaita, mai ganga ya gane ya sauke sanda. A zagaye na huɗu matan gaba suka karɓa, don su ma a coci suka tashi, sun san abin da ake yi idan mai wa'azi ya shaƙe. A na shida layin gaba ɗaya na tafi yana amsawa.

Amma Wendell bai ɗago ba. Amshi na riƙe waƙa, ba ya tayar da wanda ya durƙusa. Abin da ke tayar da shi Habibou ya sani, kuma ba da Turanci yake ba. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya matso gaba, ya ɗaga hannu ɗaya sama yadda ake yi a bakin fili.

“Wendell ɗan Karolina! Tsohon bijimi mai tsayuwa cikin rana! Shekara saba'in da tara ƙasa ba ta ga bayanka ba! Na Hattie, wa ya ce ka sauka? Tashi, na Hattie, fili naka ne!”

A duk maganar kalma uku Wendell ya gane: sunansa, sunan jiharsu, da sunan uwarsa. Sun isa. Ya ɗago kai yana dariya hawaye na zuba, ya ja numfashi, ya faɗo a kan amshin jama'a da wata irin ƙara da ba a yi gwajinta ba a shagon aski. Ya kama kalmar nan ya hau da ita har ƙarshe, ya sauko, ya ajiye da kansa. Wannan karon Habibou ya jira.

Daga can bayan taro, kusa da mai gasa masara, wata guɗa ta tashi, doguwa mai kaifi, har tattabaru suka watse daga kan rufi. Mutane suka waiwaya. Salamatou ce, wadda ta rantse ba za ta zo ba, tsaye da hannu a kan baki kamar wani ne ya yi ba ita ba.

Da aka sauko mutane suka yanyame su. Kafin Habibou ya kuɓuta daga rungumar tsofaffin mata ya isa sahu na uku, kujerar mai jar hula babu kowa. Sheriff ya gaishe shi a ladabce ya ce Baba ya tafi, ya ce a ba da haƙuri. Bai faɗi dalili ba, Habibou kuma bai iya tambaya ba.

A hanyar gida Salamatou ta ce, “Kalma uku, ko?”

“Ke kuma guɗa nawa muka yi alkawari?”

A gida ya zaunar da Firdaoussi ya ba ta labarin Jadi tun daga farko, da abin da ake cewa game da maroƙa, da abin da zai iya faruwa gobe. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce in haka ne su riƙe goronsu, amma muryarta ba ta yi ƙarfin maganar ba.

Ranar Lahadi an ce bayan azahar. Salamatou ta dafa shinkafa da miyar da ta isa mutum ashirin. Aka yi azahar, ƙarfe biyu ta wuce, uku ta wuce. Habibou na zaune cikin babbar riga yana jan carbi, ba ya sanin abin da yake karantawa. Firdaoussi na ɗaki ta kife wayarta. Uku da rabi aka danna ƙararrawa.

Alhaji Saani ne da abokansa biyu, ɗaya ɗauke da ƙunshin goro. Suka ce jirgin ruwan Staten Island ne ya tafi ya bar su, sannan jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tsaya a rami. Aka gaisa, aka sake gaisawa, aka sha ruwa. Habibou ya ga gara ya riga su.

“Alhaji, kafin a buɗe goro, akwai abin da ya kamata ku sani game da gidanmu.”

“Makaɗa Jadi na Buza,” in ji Alhaji Saani. “Gangarsa ma tana da suna, Ta-Kwana-Fili.”

Carbin ya tsaya a hannun Habibou.

“Alhaji, mu direbobin JFK ba mu da aiki sai jira. Akwai mutumin Madawa a layinmu. Tun watan azumi na tambaye shi, ya buga waya gida, kafin jirgin Accra ya sauka na san har wanda ya yi maka aski ranar suna.”

“To mi ya hana ka faɗa?”

“Kai ka faɗa?”

Abokan suka fashe da dariya. Alhaji Saani ya gyara zama, ya ce ba zai ɓoye ba, maganar ta so ta ba da wahala. Shi bai damu ba, amma yayansa da ke Kumasi, wanda shi ne babban gida, ya ce a dakata tukuna. Don haka, duk da saƙon da suka aiko, niyyarsu ta koma su zo yau su gaisa kawai, ba goro. Jiya yana da fasinjan ƙarfe biyar shi ya sa ya fita da gudu, amma yana isa filin jirgi ya tura wa yayan bidiyon da Sheriff ya ɗauka.

“Ya kalla sau uku. Ya kira ni ya ce, Saani, mutumin nan ya gan ka zaune? Na ce ya gan ni, ido cikin ido. Ya ce kuma ya yi? Na ce ya yi sosai, paa! Ya ce to ku kai goro, gidan da ba a barin mutum ya ji kunya a gaban jama'a, yaronmu zai zauna lafiya.” Ya ɗan sassauta murya. “Kuma ya ce in tambaye ka a asirce, ko kana da kaset ɗin Jadi. Ya ce a Agadas ya taɓa jin sa lokacin yana bin manyan motoci.”

Daga kicin aka ji murfin tukunya ya faɗi, aka ji Salamatou na cewa ba komai, ba komai. Aka buɗe goro, aka yi fatiha.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Ranar Litinin da asuba a masallaci wani dattijo da suka shekara ashirin a sahu ɗaya ya gaishe shi da “sannu, makaɗa,” ya ja kalmar yadda za ta yi ciwo. Habibou ya ce yawwa, sannu kadai, ya ɗauki takalmansa. Ya yi mamakin yadda abin bai kai nauyin da ya yi shekara talatin yana zato ba.

Ƙarfe tara ya buɗe tebur. Wendell ya riga shi zuwa, yana goge faifai da gefen riga, muryarsa ta dishe gaba ɗaya.

“Ka shigo da wuri ranar Asabar,” in ji shi.

“Kai ka makara.”

“Me ka ce game da uwata?”

“Na ce ta fi ka iya waƙa.”

“Wannan kowa ya sani.”

Wata yarinya mai jakar goyo ta tsaya tana tambaya ko nan ne ake samun faifan bas ɗin nan da ta gani a waya. Wendell ya ce saura guda huɗu a duniya, uku suna ƙarƙashin teburinsa. Ya ɗora ɗaya a na'ura don ta ji. Allura ta sauka, ƙarar tsufa ta fito, saurayin shekara hamsin da suka wuce ya fara roƙon direba. Habibou na jera tabarau, manya a baya, ƙanana a gaba. Da wurin amshi ya zo ya buɗe baki ya karɓa, har mai sayar da turare ya leƙo daga tsallake.